Kurakuran da ƴan kasuwa suka fi yi wajen karɓar hotuna daga masu saye

A Yamai, ciniki da yawa yanzu da hoto yake farawa. Makaniki yana turo wa mai shago a Katako hoton kayan motar da ya lalace, uwargida tana turo wa tela samfurin ɗinki, wanda yake Tawa kuma yana turo hoton shaddar da yake so a saka masa a mota daga Babbar Kasuwa. Hoto yana rage zirga-zirga, amma yana jawo asara ga wanda ya ɗauke shi a matsayin cikakken bayani.

Kuskure mafi tsada shi ne sallamar kaya saboda an ga hoton shaidar biya. Mai saye zai turo hoton rasit na kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, ko hoton saƙon Airtel Money, ya ce: “Alhaji, ga shi na tura, ɗan kabu-kabu yana jira a bakin shago.” Wannan gaggawar ita ce abin lura, domin sauya adadin kuɗi ko kwanan wata a jikin hoto ba ya buƙatar wata gwaninta, kuma akwai masu sake turo tsohon rasit na cinikin da ya wuce, su dogara da cewa mai shago yana cikin cunkoso, ba zai karanta ba. Gyaran shi ne ɗan kasuwa ya buɗe asusunsa a wayarsa, ya ga kuɗin sun shiga, ko ya je ya karɓe su a hannu, sannan kaya su fita. Ko saƙon da ya shigo wayar ma sai an duba daga inda ya fito, tunda ana iya rubuta irinsa daga lambar mutum. A ganina, jin nauyin abokin ciniki shi ya fi kayar da mutane a nan, alhali mai gaskiya ba ya fushi don an ce ya ɗan dakata.

Na biyu shi ne yarda da launi da girman da hoto ya nuna. Shaddar da aka ɗauka da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki takan fito da wani launi dabam, kuma fuskar kowace waya da yadda take nuna shi, har ruwan toka ya koma kamar shuɗi. Sai a roƙi a sake ɗauka da rana a cikin inuwa, a ajiye farar takarda a gefe. Masu kayan mota kuwa su nemi hoton lambar da ke jikin ƙarfen, da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke cikin takardun mota, saboda abubuwa biyu suna iya yin kama sosai a ido amma ɗaya ya ƙi zama. Idan girma ake son ganewa, a aza kwalin ashana ko dala ashirin kusa da abin. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin mega, shi ya sa ƙananan rubutu suke dushewa. Maganinsa a danna alamar HD mai ƙara ingancin hoto, wadda aka ƙara a 2023, ko a turo hoton a matsayin fayil.

Akwai kuma barin hotunan ciniki su cakuɗe da na biki da na iyali a waya guda. Lamba ta daban da WhatsApp Business sun wadatar, domin yana ba da damar yi wa kowace hira alama, kamar wanda ya biya da wanda ake bi bashi. A riƙa amsa kowane hoto a ƙarƙashinsa da farashi da adadi da ranar bayarwa. Wanda ba ya karatu a yi masa saƙon murya, kuma kada a goge.

Ɗora hoton mai saye a shafin talla ba da izininsa ba ya zama ruwan dare tsakanin teloli da masu lalle. Matar da ta turo hotonta don a ga yadda riga ta zauna mata, ba ta turo shi don duk masu lambar tela su gani ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma hoton fuska da katin shaida da takardar likita duk suna cikin abin da ta shafa. Idan ana son tallata ɗinki, a ɗauki rigar a rataye kafin mai ita ta zo karɓa, kuma a goge hoton katin shaida da zarar an gama aikin da aka nema da shi.