Kurakuran da ake yi wajen zana salsala

Salsala iri uku muke zanawa, kuma kowane da abin da layinsa ke nufi. A salsalar nasaba, layi daga wannan suna zuwa wancan haihuwa ce. A ta sarauta, gadon kujera ne. A ta ɗariƙa da ilimi kuwa, daga malami ne zuwa almajiri. Yawancin ɓarnar tana faruwa ne idan mai zane ya cakuɗa su a takarda ɗaya.

Wanda ya fi yawa shi ne a ɗauki jerin sarakuna a mai da shi uba da ɗa. Dubi Kano. Bayan Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, 'ya'yansa uku ne suka yi sarauta a jere: Usman, Abdullahi Maje Karofi, sannan Muhammadu Bello. Duk wanda ya jera su sama da ƙasa ya mai da wa ya zama uban ƙanensa. Haka Muhammadu Inuwa da ya gaji Sanusi na ɗaya a 1963, baffansa ne, don shi ɗan Sarki Abbas ne, kakan Sanusi. Ado Bayero da ya biyo baya ɗan'uwan Sanusi ne, ubansu ɗaya, Abdullahi Bayero. A Zazzau ma abin ya fi haka, tun da sarautar yawo take tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Gyaran ba wuya. A jera 'yan'uwa a sahu ɗaya, gefe da gefe, a sa lamba da shekarun mulki kusa da sunan wanda ya hau.

Salsalar da muƙaddami ke bai wa muridi, wadda ke tafiya har kan Shehu Ahmadu Tijjani, shaidar izini ce, ba ta jini ba. Ana samun jikoki su tsinci irin wannan takarda cikin littattafan kakansu, su fara kiran kansu sharifai. A ware mata shafinta daban.

Sai batun mata, wanda ni a ganina nan ne aka fi yin asara. Gidan da ke da ɗakuna huɗu, in ba a rubuta uwa ba, ba za a gane 'yan ɗaki da 'yan uba ba, kuma ranar rabon gado malami sai ya tambaya. Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo jikan Shehu Usmanu ne ta wajen mahaifiyarsa Nana Asma'u. Salsalar maza zalla ba za ta taɓa nuna wannan ba.

A yi hattara da bakin tsofaffi ma. In Iya ta ce "ɗan wane ne", a sake tambaya: haifarsa ya yi, ko riƙo ne, ko agola? A rubuta sunan yanka tare da laƙabi, don Muhammadu biyar a gida ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma Babangida ko Abba yawanci sunan kakansa ake sakayawa.