Kafin ka ɗaura koton gashi, duba ruwan tukuna

'Yan uwa masunta na Maiurno da kewayen Sinnar a Sudan, masu gwada ƙugiyar nan da ake naɗa wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, ga 'yar shawara.

Kada kyan koto a kanti ya ruɗe ka. In ka isa bakin kogi, tsuguna ka ɗaga dutse ɗaya, ka ga irin ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashinsa. Girmansu za ka fara kwaikwaya, launi ya biyo baya. Ni kifin farko ma farke cikinsa nake yi, in ga me ya ci.

Daga Yuli zuwa Satumba ruwan Habasha na saukowa ta kogin Nilu jajir kamar kunun kanwa. Baƙin koto mai kauri kifi ya fi hangowa. Da rani kuwa, ruwa ya kwanta garau, sai ƙarami da siririn zare.

Ƙarfasa na ɗaukar ɗan mitsitsi. Giwan ruwa kifi yake ci, a ba shi mai siffar ɗan kifi, musamman dab da magariba. Tsage kuwa, sa masa guntuwar waya gaban ƙugiya. Koto uku haƙoransa suka datse mini rana guda a ƙasan madatsar Sinnar.