Yadda Ake Gane Jarumin da Ya Iya Fitowa a Tsohon Mawaƙi

Matasan Tudun Wada da Kawo masu koyon wasan fim sukan tambaye ni ta ina za su fara nazarin jarumai. Nakan tura su ga finafinan Amurka na tsofaffin mawaƙan rok, waɗanda tauraruwarsu ta dusashe amma ba su ajiye jita ba.

Fara da yatsu. Suna bin sautin da kake ji, ko kyamara ce take kauce musu? Meryl Streep ta koyi kaɗa jita kafin Ricki and the Flash na 2015, don haka ka zuba wa hannunta ido.

Sai murya. Jeff Bridges da bakinsa ya rera waƙoƙin Crazy Heart na 2009, inda ya fito a mawaƙin kantiri (salon waƙar karkarar Amurka) da giya ta lalata, har ya samu kyautar Oska a 2010. Rufe idonka ka saurara, za ka ji gajiya a numfashinsa.

Ni wurin da ya fi kama zuciyata shi ne bayan an sauko daga dandamali. A fim ɗin Danny Collins, Al Pacino ya fito a attajirin mawaƙi da ya je neman ɗansa da bai tashi a hannunsa ba. Kashe sautin gaba ɗaya a wurin haɗuwarsu. Dubi kafaɗunsa, dubi yadda yake rasa inda zai sa hannunsa. Ka maimaita wurin, sannan ka tashi ka gwada tsayuwar gaban madubi kafin ka taɓa kalaman.