Yadda ake ƙawata akwatin kifin ruwan daɗi da katantanwar teku ba tare da an cutar da kifi ba

Duk wanda ya sauka kudu ya taka bakin teku a Kiribi ko Limbe, a nan ƙasarmu Kamaru, da wuya ya dawo mana Garwa hannu rabbana. In bai riƙo komai ba zai riƙo leda cike da katantanwa da ƙwanso masu kyalli, tsarabar yara. Mai akwatin kifi na gilashi a falo kuwa, da ya gan su zuciyarsa za ta raya masa ya zuba su a ciki. Ni ma haka na yi a shekarar da na fara kiwon kifin ado: na ɗauraye su sama-sama na watsa a akwatin. Kafin sati biyu ruwan ya yi hazo, ƙananan kifayena na tetira suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na gane cewa laifin nawa ne.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne katantanwa ba dutse ba ce. Jikinta sinadarin kalsiyam kabonet ne, ɗan'uwan alli da farar ƙasar da ake haƙa a Figil ana yin siminti. A cikin ruwa tana narkewa a hankali, kuma narkewar tana ƙaruwa idan ruwan yana da ɗan tsami. Uwar gida ta san aikin kanwa a koko: ɗan kaɗan za ta jefa tsamin ya mutu. To katantanwa ita ce kanwar akwatin kifi, sai dai ita ba ta gaggawa, kullum tana sakin kaɗan, dare da rana. Ruwan zai ƙara nauyi, wato ma'adinai su yi yawa a cikinsa, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH kuma zai hau. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne, kuma kowane maki ɗaya ninki goma ne. Wato daga 6.5 zuwa 7.5 tafiya ce mai nisa a wurin kifi, ko da idonka bai ga komai ya canza ba.

Saboda haka matakin farko ba a kan katantanwa yake ba, a kan kifinka yake. Tambayi kanka daga ina asalinsa. Tetira mai ratsin shuɗi da ja, da diskus, da kifin mala'ika, duk 'yan yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, ruwansu mara nauyi ne mai ɗan tsami. Waɗannan ka bar su da itace da tsirrai, katantanwar ka jera ta a kan kabad. Gufi da moli da filati kuwa suna son ruwa mai nauyi, kifin zinari ma ba ya damuwa. Waɗanda suka fi kowa jin daɗinta su ne kifayen tafkunan Malawi da Tanganyika, dangin karfasarmu ta Binuwai, domin ruwan Malawi yana wajen 8, na Tanganyika har yakan kai 9. A Tanganyika ma akwai wani ɗan mitsitsin kifi, Neolamprologus multifasciatus, wanda bai wuce santimita 5 ba, gidansa cikin katantanwar da mai ita ya mutu ya bari, a can yake kwana, a can macen take saka ƙwai. In irinsa kake kiwo, katantanwa ta tashi daga kwalliya ta koma ɗakin kwana.

Bayan kifi sai ruwanka. Leƙa cikin butar shayin gidanku. Idan farin abu ya daskare a gindinta, ruwan unguwarku mai nauyi ne tun asali, kamar yadda ake yawan samu a rijiyar burtsatse, kuma katantanwa ba za ta narke sosai a cikinsa ba. Wanda yake tarar ruwan sama a damina yana zuba wa kifi, shi ne zai ga canji mai yawa, don ruwan sama kusan ba shi da ma'adinai. Buta dai alama ce kawai. Nemi takardar gwajin pH ko ruwan gwaji na ɗigo a wurin masu sayar da kayan kifin ado, ka auna, ka rubuta lambar da ranar.

Yanzu zaɓe. Duk wadda aka shafa wa fenti ko man ƙyalli, ko aka manna da gam aka yi abin ado da ita, fitar da ita gefe. Masu sayar da tsaraba suna shafa mai don ta ɗauki ido, man nan kuma a ruwa zai saki. Kankare ta da farce ko bakin wuƙa, in wani abu ya ɓare kamar leda, ba ta akwati ba ce. In kana shakkar ko ta gaske ce ko ta roba, ɗiga mata ruwan khal ko lemun tsami: ta gaske za ta yi ƙananan kumfa. Wannan gwajin yana yi a kan duwatsu ma, dutsen da ya yi kumfa aikinsu ɗaya da katantanwa.

Wuri ma katantanwar teku ce, kada a manta. Da yawa daga cikin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka kwaso shi, kuma daga jam'insa muka sami kalmar kuɗi. Yana da kyau a kan farin yashi, amma siririn bakinsa yana tara datti da wuyar fita, kuma wanda aka ciro daga jikin tsohuwar laya ko kayan ado ba ka san turaren da man da ya sha ba. Sabo ka nema.

Wanki shi ne inda mutane suke yin kasala, a nan kuma ake asarar kifi. Sansana kowace ɗaya. In tana ƙarni, akwai sauran nama a can cikin murɗin, inda yatsa ba ya kaiwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye ta kusa da gidan tururuwa kwana uku ko huɗu, za su share maka ita tas ba ko sisi. Daga nan ka jiƙa su kwana ɗaya a ruwa zalla don gishiri ya fita, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Kada sabulu ko Omo ya taɓa su, domin ragowarsa tana lalata wa kifi hanyar numfashi.

Sai tafasawa. Nemi tsohuwar tukunya, ba ta miyar gida ba, in kana son zaman lafiya da uwar gida. Zuba su a ruwan sanyi sannan ka ɗora a wuta, don in ka jefa su kai tsaye cikin tafasasshe wasu za su tsage. Su tafasa minti 10 zuwa 15, ka sauke, ka bar su su huce da kansu. In har yanzu da wari, jiƙa su minti 15 a ruwan jabel (maganin nan na wanke fararen kaya) da aka surka, kashi ɗaya jabel kashi goma ruwa, ka ɗauraye sau da yawa, ka sake jiƙawa a ruwan da aka sa wa maganin kashe kulorin, wato sinadarin da ke cikin jabel, sannan ka shanya kwana biyu a rana. Rana dai ba ma rasa ta a nan. In ka sansana ka ji warin jabel ko kaɗan, ba su shirya ba. Kuma kada ka kuskura ka haɗa jabel da ruwan khal a mazubi ɗaya, hayaƙin da ke tashi guba ne ga mutum.

Wanda ya fi son ya tsinto ƙwanso a bakin Binuwai ko tafkin Lagdo, shi ma wankin nan zai bi, kuma sinadarin jikinsu ɗaya ne da na teku. Ƙarin gargaɗi ɗaya: ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Tsinci busassu a kan tudu, kada ka shiga ruwan, kada ka kawo mai rai gida.

Kafin su shiga akwati, bi bakin kowace da yatsa. Inda ya yi kaifi goge shi da takardar yashi, musamman in kana da kifi mai doguwar jela. Mai murɗi kuma, in ba don kifin da ke kwana a ciki ka sa ta ba, cika ta da yashi ko ka kifa bakinta cikin yashin ƙasa, don kifi yakan kutsa kai ya maƙale. Juya ta a cikin ruwa iskar da ke ciki ta fita.

Ni nakan yi gwajin bokiti kafin nan, kuma ina ganin ya cancanci jiran. Bokiti biyu, ruwa iri ɗaya, ɗaya da katantanwa ɗaya babu. Bayan sati ka auna duka biyun. Bambancin da ka gani shi ne abin da za ta yi wa akwatinka.

In sakamakon ya yi maka, fara da kaɗan. A akwati mai lita 60, guda biyu ko uku matsakaita sun isa a fara. Auna pH kowane kwana biyu har sati biyu. Idan ya hau da rabin maki cikin 'yan kwanaki, ko ka ga kifi yana goga jiki a dutse, ya tsuke fukafukai, ya ƙi abinci, cire katantanwar ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Kada ka canza duka lokaci guda, saukar gaggawa ma tana kisa kamar hawan gaggawa.

Zafin garinmu yana da nasa hannu a ciki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa take haura digiri 40, ruwan akwati yana tsotsewa da sauri, ma'adinan kuma ba sa bin tururi, a ciki suke zama. In kullum ciko kawai kake yi, ruwan ƙara nauyi yake. Ga kuma amoniya da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, wadda dafinta yake ƙaruwa idan pH ya hau kuma ruwa ya yi ɗumi. Don haka a bazara rage abinci, ka riƙa kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane sati kana zuba sabo da aka kashe wa kulorin. Ranar canjin ruwa ɗaga kowace katantanwa ka girgiza ta a cikin ruwan da ka kwashe, za ka sha mamakin abin da zai fito.

Bayan wasu watanni za ka ga ƙyallinta ya dushe, bakinta ya yi sirara, wani lokaci har ta huje. Narkewar ce ka gani da idonka. Wadda ta fara gutsurewa ka cire ta, ka sa wata daga cikin waɗanda ka riga ka wanke ka adana.