Yadda Za Ka Koyi Aikin Lambu a Zaman Wata-wata na Ƙungiyar Masu Lambu

Shekarar da na fara shuka tumatir a bayan ɗakina a unguwar Arkilla da ke Sakkwato, a watan Maris na yi dashe. Ya yi ganye shar, ya yi fure, sai furen ya shiga kaɗewa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, amma ko ɗa guda ban tsinka ba. Da na kai kukana zaman ƙungiyar masu lambu da wani maƙwabci ya ja ni, wani dattijo mai noman rani a fadamar Kwalkwalawa ya juya reshen da na kawo, ya yi murmushi ya ce, "Malam, wanga ba ciwo na ba, rana ta." Ashe idan zafi ya haura maki 35 a ma'aunin Celsius, furen tumatir ba ya ɗaure ɗa, mu kuwa a Sakkwato watan Afrilu sai ya wuce 40. Abin da na ɓata wata biyu ina kai-kawo a kansa, cikin minti biyu aka warware mini.

Sai dai na ga mutanen da suka shekara biyu suna zuwa wannan zama, ba su fashi, amma har yau a kasuwa suke sayen alayyahu. Ga hanyar da na ga tana fisshe da mutum.

1. Nemo ƙungiyar, ka kuma auna ta

Tambayi masu sayar da iri a kasuwa, da masu renon dashen mangwaro da gwaiba a bakin titi, da malamin gona na yankinku. Su suka san inda masu lambu ke haɗuwa. Idan ka je, lura da abu biyu. A ina ake zaman? Wanda ake yi a gindin bishiya kusa da komaye ya fi wanda ake yi a ɗakin taro, domin duk abin da aka faɗa za a tashi a nuna maka shi a ƙasa. Sannan wa ke magana? In kullum mai sayar da maganin feshi ne ke riƙe da taron, to talla ka zo saurare. Mata da ba su fita irin wannan zama suna iya haɗa nasu a gidan ɗaya daga cikinsu, su gayyato mai sani, kuma na ga lambun buhu na tsakar gida da ya kunyata na maza.

2. Tanadi wurin gwaji kafin zaman farko

Komi biyu sun isa, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 2. In siminti ne a gidanka, cika tsofaffin buhuna da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka huda gindinsu. Wurin ya riƙa samun rana kamar awa 6. Ka kewaye shi da zana ko kara tun kafin ka zuba iri, don akuyar maƙwabta ba ta san darasi ba. Fara da alayyahu: cikin mako 3 zuwa 4 za ka yanka, ka ga ladan hannunka, zuciyarka ta ƙara ƙarfi.

3. Ɗaura karatunka a kan kalandar Sakkwato

Nan ne gaɓar da ta fi kowace. Zama goma sha biyu ne kacal a shekara, kuma darasin da ya zo bayan lokacinsa sai baɗi. Don haka in da hali, shiga a watan Agusta ko Satumba, lokacin da damina ke shirin ɗaukewa, masu noman rani suna gyaran wurin renon iri.

A zaman Satumba da Oktoba, kasa kunne ga maganar reno. Irin tumatir da tattasai da attarugu da kabeji da albasa duk sai an rene su kafin a dasa. Tumatir kan yi mako 3 zuwa 4 a wurin reno, albasa kuwa mako 6 zuwa 8, sai ta kusa kaurin fensir. Ka sa ido ka ga yadda ake lulluɓe irin da busasshiyar ciyawa, da ranar da ake yaye ciyawar, domin in an bar ta bayan tsiro, dashen zai yi tsawo siriri ya langaɓe. Nuwamba da Disamba watannin dashe ne da ban ruwa. Da yamma ake dashe, kuma tumatir yana son tazarar santimita 45 zuwa 60. Sanyin hunturu shi ne arzikin latas da karas da kabeji da tafarnuwa, shi ya sa fadamun Gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, suke yin kore a daidai lokacin da jigawa ta bushe ƙayau.

Janairu da Fabrairu, hira takan koma kan ƙwari da girbi da ajiyar albasa. Daga Maris zuwa Mayu kuma, bazara ce, kada ka yi jayayya da ita kamar yadda na yi. Koyi rumfar inuwa, da rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa don ƙasa ta riƙe laima, da tara takin baɗi. Idan ruwa ya sauka a Yuni, sai kuɓewa da yakuwa da rama da lalo da kabewa, da dashen itatuwa irin su zogale da lemun tsami. In shugabannin ƙungiya sun jera darussa ba bisa wannan tsari ba, ba laifi ka ba da shawara cikin ladabi a riƙa gabatar da kowane darasi wata guda kafin lokacin aikinsa.

4. Kada ka je hannu rabbana

Tafi da littafi da biro, da kuma matsalarka a cikin leda: ganyen da ya nannaɗe, saiwar da ta yi ƙulu-ƙulu, ɗan tumatir da gindinsa ya yi baƙi. A ɗaure ledar, kada ka kai wa lambun mutane baƙon ƙwaro. "Shukata ba ta da lafiya" ba tambaya ba ce, amma ganye a tafin hannu tambaya ce, kuma mutum biyar za su yi rububin amsa ta.

Abin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne ma'auni. Malami daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko daga ma'aikatar gona zai yi maka lissafin buhu nawa na takin zamani NPK 15-15-15 a hekta guda, kai kuwa komi biyu gare ka. Ɗaga hannu ka ce, "Malam, a gafarce ni, a komi ɗaya murfin kwalba nawa ke nan?" Rabin mutanen da ke zaune tambayar ke cin su, nauyin baki ya hana su. Haka in dattijo ya ce "ka ba shi ruwa daidai", bi shi bayan an tashi: "Baba, bokiti nawa, kuma bayan kwana nawa?" Ka tuna shi a laka yake noma, wadda ke riƙe ruwa kwanaki, kai kuma wataƙila rairayi ne a gidanka, mai shanye ruwa kafin la'asar.

5. Aiki ɗaya, cikin kwana uku

Kowane zama, zaɓi abu guda ka aikata kafin ya huce. In an yi maganar iri, ɗauki ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda ƙirga waɗanda suka tsira. In ba su kai 7 ba, kada ka ɓata komi da shi. In maganar ƙwari ce, daka 'ya'yan dogon yaro, kamar giram 50 a litar ruwa, su kwana a jiƙe, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, inda darɓa da farin ƙuda ke laɓewa. In taki ne, tara kashin awaki ko na kaji da busasshen ganye a rami, kana jiƙawa kana juyawa, har sai ya yi baƙi, wari ya bar shi. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi.

Dabarar da ta fi koya mini ita ce raba komayen: ɗaya in bi sabon darasi, ɗaya in bar shi yadda na saba. Da ido nake ganin bambanci, ba sai an rantse mini ba.

6. Koma da rahoto, ko da mai kunya ne

Rubuta ranar shuka, da ranar tsiro, da ranar da ka fara ganin ƙwaro. A zama na gaba ka karanto shi. Wanda ya ce "na gwada ya lalace" ya fi amfanar taro, domin a kansa ake gano kuskuren. Rahoto irin wannan kuma gargaɗi ne ga kowa. Tsutsar nan Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, da ɗan farin zane a cikin ganye take farawa, kuma wanda ya riga ganinta ya faɗa ya ceci sauran.

7. Shiga musayar iri da ziyarar lambuna

Bayan wata biyar ko shida za ka ga ana miƙa maka ƙullin iri a takarda, kai ma ana sa ran naka. Kuɓewa da yakuwa da alayyahu suna da sauƙin ajiya: bar na ƙwarai ya bushe a jikin uwa, ka sussuka, ka zuba a kwalba da ɗan toka, ka rubuta suna da wata. Amma duk irin da ka ga an rubuta F1 a jikin fakitinsa, kada ka ajiye 'ya'yansa, ba za su biyo uwa ba.

Idan kuma aka ce wata mai zuwa a lambun wane za a yi auren mangwaro, wato haɗa reshen mangwaro mai kyau a jikin wani dashe, sayi sabuwar reza, ka yanka leda siri-siri don ɗauri, ka roƙi mai lambun ya bar ka ka yi guda biyu da hannunka yana tsaye a kanka. Ka ɗaura musu zare mai launi, don ka gane naka in an dawo duba waɗanda suka kama.