Yadda yarana suka fara ɗaukar littafi ba tare da na ce su ɗauka ba

Babban ɗana yana aji huɗu na firamare na gano ya tsani littafi, kuma ni na jawo. Na sayo masa wani ɗan littafin labarai a kasuwar Sabon Gari, nan Zariya, na zaunar da shi a gabana kamar mai karɓar hadda. Da ya karanta shafi ɗaya sai in tare shi: wa ya faɗi kaza? Don me ya faɗa? Sake wannan kalmar, ba haka ake faɗinta ba. Kwana uku littafin ya ɓace. Sai bayan babbar sallah, ina kakkaɓe sito, na tsinto shi ƙarƙashin buhun masara, ɓeraye sun ci gefensa. Ashe ɓoye shi yaron ya yi don ya huta da ni.

Ni ba malama ba ce, ɗinki nake yi a gida. 'Ya'yana huɗu, kuma abin da zan faɗa a kansu na gwada shi, wani ya yi, wani ya ƙi. Yanzu ukun da suka iya karatu sai na ƙwace littafi kafin su kwanta.

Abin da ya sa na dage bayan wancan abin kunya, ƙanwata ce da ke koyarwa ta ba ni labarin wasu bincike guda biyu. Na farko a Landan aka yi shi, aka fitar a 2013. Sun bi yara kusan 6,000 da aka haifa a Birtaniya a 1970, suka ga waɗanda ke karatu don jin daɗinsu sun fi sauran ci gaba tsakanin shekara 10 da 16, a yawan kalmomi, a rubuta kalma daidai, har a lissafi. Lissafin ne ya ba ni mamaki, amma da na zauna na yi tunani sai na ga hanyar: yaron da ya saba bin labari shafi ashirin bai rasa zaren ba, in aka ba shi tambayar lissafi mai dogon bayani zai gane abin da ake nema. Na biyun a 2023 ya fito, malaman jami'ar Kambirij da abokan aikinsu na ƙasar Sin suka duba bayanan yara sama da 10,000 a Amurka. Waɗanda suka fara karatun nishaɗi tun suna ƙanana sun fi riƙe abu a ka, sun fi iya magana, sun fi natsuwa, damuwa ta fi ƙaranci a wurinsu, sun fi samun barci, kuma ba sa daɗewa a gaban waya da talabijin kamar sauran. Har hoton ƙwaƙwalwarsu aka ɗauka aka ga bambanci. Suka ce awa 12 a mako ne abin da ya fi dacewa.

Awa 12! Na yi dariya da na ji. Yaron da zai tafi boko da bakwai da rabi, ya dawo ya ci abinci a tsaye ya wuce Islamiyya sai dab da magariba, ga aike, ga ɗiban ruwa, ina zai samo kusan awa biyu kullum? Kada wannan lissafi ya karya muku gwiwa. Mu da minti goma sha biyar muka fara, bayan isha'i, kuma har yau a nan ƙarfin abin yake.

Ku fara da baki kafin takarda. Mu Hausawa muna da abin da wasu ke kashe kuɗi su koya, wato tatsuniya. Surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," har ni da ke wanke-wanke sai na ji bakina ya amsa "Ta zo mu ji ta." Yaron da ya saba zama ya ji yadda Gizo zai yi wa Ƙoƙi wayo, ya riga ya koyi jiran ƙarshen labari, ya koyi hasashen abin da zai biyo baya, ya koyi zana daji da kogi a cikin kansa ba tare da an nuna masa hoto ba. Littafi kuwa wannan aikin yake nema. Abin da na yi shi ne, wata rana da Hajiya ta yi tafiya yara suka dame ni da tatsuniya, sai na ce tawa ta ƙare amma akwai wata a cikin nan. Na buɗe littafi na karanta musu da irin muryar da take yi, na siranta murya a wurin Gizo, na kumbura ta a wurin sarki. Ba wanda ya ji an sa shi karatu.

To ga dabarar da ta fi kowace aiki a gidana: ku tsaya a inda labari ya fi daɗi. Daidai inda ɓarawo ya sa hannu a ƙofa, ko kura ta buɗe baki, sai in rufe littafi in ce barci nake ji, sai gobe. Za su yi ta magiya, Umma don Allah shafi ɗaya. Kada ku yarda. Ku ajiye littafin a inda hannunsu zai kai, kan taga ko kan keken ɗinki, ba cikin akwatin da ake kullewa ba. A mako na biyu na fito da asuba na tarar da ɗiyata ta biyu a bakin ƙofa, tana bin layi da yatsa, leɓɓanta na motsi, tana neman inda na tsaya. Na yi kamar ban gani ba na wuce madafa. Da dare da na ci gaba sai ta ce ai ta san abin da ya faru, kurar ba ta cinye shi ba. Na ce a'a, ya aka yi kika sani? Ta yi ta murmushi.

Dabarar ma ba tawa ba ce. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san yadda aku ke riƙe ɗan sarki a gida da labari bayan labari. Littafin tun ƙarshen shekarun 1930 aka buga shi a nan Zariya, kashi uku ne, kuma har yau ana samunsa a shagunan littattafai. Shi na fi ba wa mai shekara tara zuwa sama, domin labaransa gajeru ne, kowane ana gama shi a zama ɗaya. Hausarsa akwai tsofaffin kalmomi, wannan kuwa riba ce: yaro ya tashi ya je ya tambayi kakarsa, hira ta ɓarke.

Maganar harshe kuma, na san za a yi mini gardama. Iyaye da yawa suna ganin in ba Turanci yaro ya karanta ba ɓata lokaci ne. Ni na ga akasin haka da idona. Yaron da bai ji Turanci sosai ba, in ka ba shi labarin Turanci aiki biyu ka ɗora masa, ya haɗa baƙaƙe kuma ya nemo ma'ana, daɗin labarin ya tsere kafin ya kai ƙarshen layi. Hausar boko kuwa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, da ya haɗa baƙaƙen sai ya ji kalmar da ya sani tun yana goye. Abu biyu kawai za ku taimaka masa da su. Na farko baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y, domin makarantu da yawa ba sa tsayawa a kansu. Ku rubuta masa "kafa" da "ƙafa" a ƙasa da tsinke, ya faɗa ya ji bambancin. Na biyu, rubutunmu ba ya nuna jan wasali ko hawa da saukar murya. "Gari" da ake shiga da "gari" da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya, haka "kuka" na miya da "kuka" na hawaye. Ɗana na uku ya taɓa karanta "ta tankaɗe gari" da muryar garin da mutane ke zaune, ya tsaya ya ce, Umma, wace irin mata ce wannan? Muka yi dariya har da hawaye, shi ma ya gano da kansa. Irin wannan tsayawar a duba abin da ke gaba da baya kafin a yanke ma'ana, shi ne ƙwaƙwalwa ke motsawa da shi. Turancin kuma bai gudu ba. Da karatu ya zama abin marmari, su da kansu suka fara jawo na Turancin.

Kada ku yi jarrabawa. Wannan shi ne laifina na farko, shi ya sa nake nanatawa. Akwai tambayar malami, akwai tambayar abokin hira. "Mene ne sunan sarkin?" tambayar malami ce, yaro ya san akwai amsa ɗaya kuma in ya kuskure za a ɓata rai. "Kai da kai ne da ka buɗe ƙofar nan?" tambayar hira ce, ba a faɗuwa a cikinta. In yana karantawa a fili ya yi tuntuɓe a kalma, ku ɗan jira, in ta gagara ku faɗa masa kawai a wuce. In littafi bai yi masa daɗi ba ya ajiye ya ɗauki wani, ba alkawari ya yi da shi ba. In kuma littafi ɗaya yake so a maimaita masa sau talatin, kamar autata da wani ɗan littafin akuya mai hotuna, ku daure. Ita ba ta gaji ba, kowane zagaye akwai kalmar da take kamawa. Shekararta huɗu, ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma tana riƙe littafin daidai, tana juya shafi daga dama zuwa hagu, tana "karanta" wa 'yar tsanarta da ka.

Kuma kada ku biya yaro kuɗi ko alewa don ya karanta. Na gwada da babban, naira hamsin kowane labari. Ya zama ɗan kwangila: ya zaɓi mafi gajarta, ya ruga a guje, ya miƙo hannu. Ranar da babu canji babu karatu.

Ina za a samo littattafan, ga tsadar rayuwa? Ni dai ga yadda nake yi. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin hanya kusa da makarantu da cikin kasuwa sun fi shago sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ana ciniki. Muna musaya da gidaje uku a layinmu, kowane littafi an rubuta sunan gidansu a bangon ciki, ranar Juma'a ake canzawa. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver, dukansu kyauta ne kuma akwai labaran yara da Hausa masu hotuna. Sai dai ban miƙa wa yaro waya ya karanta a ciki, domin minti biyu ya isa ya zame zuwa bidiyo. Nakan kai wa masu buga takardu su fitar mini, in ninke, in bi tsakiyar da keken ɗinki, in yi masa bango da kwalin taliya. Ya fi wanda aka sayo ƙarko. Gargaɗi ɗaya: ba duk littafin Hausa ne na yara ba. Littattafan soyayya da ake sayarwa a kasuwa da waɗanda ke yawo a waya na manya ne, wasu ma ko babba sai ya kau da kai. Duk abin da zai shiga hannun yaro ku fara leƙa shi, ko da shafi biyar ne daga tsakiya.

Littafi zai yage, ku sa wannan a ranku tun yanzu. Auta ta taɓa tsoma ɗaya a bokitin wanki. In kuka yi faɗa mai zafi a kan yagewa, yaro zai koyi cewa littafi abin tsoro ne, gara a bar shi a inda yake. Salatif da gam sun fi tsawa arha.

Wuta ma sai an yi mata shiri. Muna da fitila mai caji guda ɗaya da ba a taɓa ta don komai sai karatun dare, saboda in aka ɗauke wuta kada a ce yau babu. Ku lura da yadda yaro ke riƙe littafi. In yana manna shi a fuska, ko yana ƙanƙance ido, ko yana kukan ciwon kai bayan ɗan karatu, ku kai shi a duba idonsa kafin ku ce malalaci ne. Haka in ya kai shekara takwas ko tara yana ta juya baƙaƙe, ga shi da wayo a magana amma karatu ya ƙi zama, wannan ba na bulala ba ne, a zauna da malaminsa a nemi hanyar taimaka masa.

Saura maigida. Da farko yana ganin abin na mata da yara ne, yana gefe da rediyonsa. Sai na lura 'yan mazan suna kallonsa, wato in Baba ba ya yi, mu ma ba namu ba ne. Ban yi masa wa'azi ba. Wani dare na ce makogwarona na ciwo, Baban yara ko za ka karɓe ni? Ya karɓa yana gunaguni, ya karanta da muryar mai karanta labaran duniya, yara suna ta ƙyalƙyata dariya. Yanzu daren Asabar nasa ne, kuma ya fi ni mugunta wurin tsayawa, shi a tsakiyar jimla yake rufe littafi.

Babban nawa, mai ɓoye littafi a sito, shi ya fi daɗewa kafin ya sauko. Kusan shekara guda yana zama nesa da tabarma, yana yi kamar gyaran kekensa yake, kunnensa kuwa yana wurinmu. Abin da ya jawo shi a ƙarshe ba labari ba ne, wani tsohon littafi ne mai zanen cikin injin mota da na samo a kasuwa an cire masa bango. Yanzu yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Littafin da ɓeraye suka ci gefensa yana nan, na ɗinke shi, shi yake karanta wa auta, in ya zo inda ɓera ya cinye sai ya ƙirƙiro nasa ya cike.