Sababbin ɗaliban Berea: ku san gidan da kuka shigo

Sannunku da zuwa, ƙannena. Motar da ta ɗauko ku daga Lexington ta yi ta gangarawa kudu har ta sauke ku a wani ɗan gari na jihar Kentucky, a gindin duwatsun Appalachia. Kun duba gabas da yamma, babu dogayen benayen da kuke gani a talabijin. Na san har wani ya ce a ransa, "Wai nan ce Amurkar?" Ita ce.

Kafin ku gama warware kaya za a ba ku aiki, kuma a nan sabon zuwa kan yi tuntuɓe. Kowane ɗalibin Kwalejin Berea yana aikin aƙalla awa 10 a mako: wani a kicin, wani a gonar makaranta, wani a laburare, wani a otal ɗin Boone Tavern da kwalejin ta gina a 1909. Akwai masu saƙa, akwai kafintoci, har da masu ɗaure tsintsiya. Ku leƙa shagonsu ku gani: kan wata irin dawa ce ake jerawa a jikin ƙota, a matse da waya, a ɗinke, kuma baƙi na saya su kai gida tsaraba. Wanda ya saba a gida ƙannensa ke masa wanki da shara, to ya ajiye girman kai a bakin ƙofa. Ana lura da zuwa aiki kamar yadda ake lura da shiga aji, kuma mai wasa da shi zai iya rasa gurbinsa.

Ba za ku gane dalili ba sai kun ji yadda aka kafa wurin. John G. Fee ɗan Kentucky ne, an haife shi a 1816, mahaifinsa kuma mai bayi ne. Ya je karatun addinin Kirista a Cincinnati, ya dawo yana wa'azi cewa bauta zunubi ce. Uban ya cire shi daga gado. Wani attajiri mai adawa da bauta, Cassius Clay, ya ba shi fili eka 10 a kan wani tudu, Fee ya raɗa wa wurin Berea, sunan wani gari da ke cikin Littafi Mai Tsarki. A 1855 aka buɗe makarantar: ɗaki ɗaya tak, aji a ranakun mako, coci ranar Lahadi. Niyyarsa baƙi da fari, mace da namiji, su zauna a benci ɗaya, a jihar da a lokacin ake sayar da mutum a kasuwa.

Maƙwabta ba su yarda ba. Bayan harin da John Brown, wani mai yaƙi da bauta, ya kai ma'ajiyar makaman gwamnati a garin Harpers Ferry a 1859, wasu mutane ɗauke da makamai suka zo a watan Disamba suka ba mutanen Berea kwana 10 su bar jihar. Gwamna bai kare su ba. Cikin tsananin sanyi suka kwashe iyalansu suka haye kogin Ohio. Da yaƙin basasa ya kankama, Fee ya koma sansanin Camp Nelson yana koyar da baƙaƙen sojoji, bayan yaƙin kuma aka sake buɗe makaranta. A zangon 1866 zuwa 1867 ɗalibai 187 ne, baƙaƙe 96, farare 91. Yawancinsu ’yantattun bayi ne da ’ya’yan talakawan duwatsu, ba mai ko sisi, sai ƙarfin hannu. Asalin aikin da aka ba ku ke nan. A 1892 kwalejin ta daina karɓar kuɗin karatu, kuma har yau ba ta koma ba.

Wahalar ba ta ƙare a nan ba. A 1904 majalisar Kentucky ta yi dokar Day, wadda ta hana koyar da baƙi da fari tare, kuma Berea aka nufa da ita. Kwalejin ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta sha kaye a 1908. Sai a 1950, da aka sassauta dokar, baƙaƙen ɗalibai suka dawo. Shekara guda kafin dokar, a 1903, Carter G. Woodson ya kammala a nan, mutumin da ya assasa makon tarihin baƙar fata wanda daga baya ya zama wata guda. Ni dai in na ga ɗan Afirka yana ƙorafin goge-goge a Berea, nakan tuna mutanen da suka yi shekara 46 ba su da ikon shiga ajin.

Musulmin cikinku kada ransu ya tashi don sun ji tushen makarantar na Kirista ne. Ba ta ƙarƙashin wata ɗarika, ba ta tilasta wa kowa addini, kuma takenta shi ne Allah ya halicci dukan al'ummomin duniya daga jini ɗaya. Sai dai garin ƙarami ne. Manyan masallatai da shagunan naman halal suna Lexington, don haka ku nemi tsofaffin ɗalibai ku ji yadda suke haɗa mota. Maganar Juma'a da azumi kuwa, ku sanar da shugaban wurin aikinku tun da wuri, ba ranar da abin ya zo ba. Bature yana son a gaya masa abu a kan kari.

Ku karanta takardar tallafinku layi-layi, domin ba a biyan kuɗin karatu ba yana nufin komai kyauta ne ba, akwai littattafai da ’yan buƙatu. Bizar ɗalibi ba ta yarda ku wuce awa 20 na aiki a mako ba lokacin da ake karatu, aikin waje kuma sai da izini, kada wani ya ruɗe ku da dala. Rigar sanyi mai kauri da takalmi mai rufi, ku tanade su kafin Nuwamba. Sanyin nan ba irin na hunturun Jos ba ne.